Yadda na sa madabod na 1997 ya karɓi furosesan da bai san da shi ba

Akwai injinan aiki da yawa a shagunanmu da rayuwarsu ke rataye a wuyan tsohuwar kwamfuta, irin su injin sassaƙa rubutu, injin yankan sitika da wasu injinan surfani. Injin kansa lafiyarsa ƙalau, sai dai katin da ke ba shi umarni ba ya shiga ko'ina sai dogon baƙin ramin nan da ake kira ISA, wanda aka daina sa wa yawancin kwamfutoci tun farkon shekarun 2000. Baffana yana da irin wannan injin a Kano, na sassaƙa suna a kan roba da tagulla, kuma kwamfutarsa mai Pentium 133 da Windows 95 ta mutu bayan wata wuta mai ƙarfi da aka kawo. Ni aka ɗora wa neman mafita saboda ina taɓa gyaran laftof. Zan faɗi yadda abin ya gudana daki-daki, domin abin da ya fi cinye mini lokaci rashin sanin matakin da ya kamata ya zo kafin wani ne, kuma wannan ana iya rage wa na baya shi.

Da na buɗe akwatin, madabod ɗin, wato babban allon da duk sassan kwamfuta ke jone a kai, shi ne ya ƙone ta wajen da wuta ke shiga, amma furosesa, sashen da ke yi wa kwamfuta lissafi, da katin injin ba su nuna alamar komai ba. Na fara da shagunan kwamfuta na wajen titin Beirut. Matasan da ke wurin, waɗanda yawancinsu madabod ɗin ya girme su, suna juya shi suna dariya, wani ya ce in saya wa Baffa sabuwa in huta. Ba su gane cewa sabuwa ba ta da inda za a cusa katin ba. A ƙarshe wani ya tura ni wurin 'yan gwangwan, masu sayen matattun kayan lantarki a kan kilo. Can na yi ta tona buhuna ina neman wani madabod, ina duba soket, wato mazaunin furosesa. Wanda nake nema fari ne mai murabba'i, da ɗan hannu a gefe, an rubuta Socket 7 a jikinsa. Na samu guda ɗaya da alluransa ba su lanƙwashe ba, kafasitocinsa ba su kumbura ba, da ramukan ISA uku, na biya naira dubu huɗu bayan ciniki. Babu takardar bayani, babu sunan kamfani a fili, sai wata 'yar lamba a gefe da ke nuna bugu na nawa ne. A babbar IC ɗin tsakiya, wato baƙin ƙwayar lantarkin nan mai ƙafafu da yawa, na ga sunan Intel da lamba mai ƙarewa da TX, wato cifset ɗin 430TX na shekarar 1997, wanda ke haɗa furosesa da sauran sassa.

Mai gwangwan ɗin ne ya yi mini kwatancen wani dattijo da ya yi gyaran kwamfuta tun zamanin da ake buɗe shagunan buga takardu a gari, yanzu ya koma gyaran inbata. Na same shi, muka gaisa, na ce, "Malam, an ce ku kaɗai kuka rage da kuka san waɗannan." Ya karɓi madabod ɗin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya jawo wani gwangwanin madara cike da tsofaffin furosesa. A ciki ya zaro AMD K6-2 mai gudun 400MHz. Da ma Baffa ya daɗe yana ƙorafin cewa idan zane ya yi girma sai ya je ya yi alwala ya dawo kwamfutar ba ta gama lissafi ba, don haka na saya a kan dubu uku. Malam ya ce, "Ɗana, zai shiga ramin, amma shiga ba ita ce yarda ba. Kada ka jefar da Pentium ɗinka, shi zai buɗe maka ƙofa."

Abu na farko da muka duba ƙarfin wuta ne, tun kafin maganar BIOS, 'yar manhajar da ke cikin wata IC a kan madabod wadda ke tayar da kwamfuta. Tsohon Pentium 133 wuta iri ɗaya yake sha, wajen 3.3V. Daga Pentium MMX na 1997 aka raba ta biyu, cikin furosesa na shan 2.8V, ƙafafunsa na hulɗa da waje na shan 3.3V. Shi kuwa K6-2 ɗin nan an rubuta a bayansa cewa 2.2V yake so a ciki. Duk ukun soket ɗaya suke shiga, kuma babu abin da zai hana mutum cusa na 2.2V a inda aka saita 3.3V ya kunna ya soya shi. A waɗannan madabod ba a cikin BIOS ake saita wuta ba, da 'yan ƙananan hulunan roba ne da ake kifawa a kan allurai biyu, waɗanda masu gyara ke kira jamfa. An yi sa'a akwai ɗan jadawali da aka buga da farin fenti a jikin madabod ɗin, kuma 2.2V na ciki. Madabod da yawa na farkon 1997 a 2.8V suke tsayawa, idan naka haka yake to maganar K6-2 ta ƙare a nan, kowace BIOS ka samo. Malam bai yarda da jadawalin kaɗai ba, sai da ya sa mita ya auna ya ga lambar da idonsa. Ya kuma nuna mini naɗaɗɗiyar wayar tagulla kusa da soket, alamar cewa sashen da ke rage wutar irin wanda zai iya ɗaukar nauyin furosesa mai ci ne ba tare da ya yi zafin ƙonewa ba. Wajen haɗa akwatin wuta, irin na AT mai filogi biyu, ya maimaita mini har sau biyu cewa baƙaƙen wayoyin su haɗu a tsakiya.

Muka sa K6-2, muka ɗora fanka, muka kunna. Rubutu ya fito, BIOS ta ƙirga RAM, daga nan ta tsaya cak. Maɓallin Delete ba ya shiga saiti, komai ba ya motsi. Gabana ya faɗi, na ɗauka kuɗin sun tafi. Malam ya nuna mini layin da ke can ƙasan sikirin, wanda a da ban taɓa kula da shi ba: kwanan wata na 1997, sunan cifset, sai jerin haruffa da lambobi da suka fara da 2A59I. BIOS ɗin ta kamfanin Award ce, kuma a tsarinsu waɗannan biyar na farko na nufin 430TX, biyun da ke biye da su kuma su ne shaidar kamfanin da ya ƙera madabod ɗin. Idan layin na wucewa da sauri, maɓallin Pause na tsayar da shi. Na ɗauki hotonsa da waya. Dalilin tsayawar kuwa a bayyane yake. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, BIOS kan tambayi furosesa ko shi wane ne ta wani umarni da ake kira CPUID, wanda Intel ta shigo da shi a 1993, sai ta duba amsar a cikin jerin da aka rubuta mata ta san yadda za ta shirya shi. K6 na farko ya fito a Afrilun 1997, tamu ta san shi. K6-2 sai a Mayun 1998 ya fito, yana amsawa da lambar da babu ita a jerinta. Wasu BIOS ɗin kan rubuta suna da gudu na ƙarya su wuce, wasu kuma su tsaya kamar yadda tamu ta yi.

Wani yaron shago da ke kallonmu ya kawo shawarar a ciro IC ɗin BIOS daga wani mataccen madabod da shi ma aka rubuta Award a kansa a dasa a wannan. Shawara ce da za ka ji ta sau da yawa, kuma ba ta aiki. Tun da IBM ta fitar da kwamfutarta a 1981, BIOS ce ta zama abin da kowa ke buƙata kafin ya ƙera mai kama da ita. Compaq ta rubuta tata ba tare da kwafar ta IBM ba, sannan a 1984 Phoenix ta fara sayar wa duk mai so, AMI da Award suka biyo baya. Abin da waɗannan kamfanoni ke sayarwa gangar jiki ce kawai. Kowane mai ƙera madabod ya karɓa sai ya daidaita ta da cifset ɗinsa, da IC ɗin da ke kula da filofi (tsohon ɗan faifan ɗaukar fayil) da kibod da ramukan baya, da yadda ya jera wayoyin ramukan kati. Don haka madabod biyu za su iya nuna tambari ɗaya da lambar bugu ɗaya a sama, amma BIOS ɗin wannan ta bar wancan da baƙin sikirin.

Neman fayil ɗin da ya dace ya ɗauke ni dare da yawa. Kamfanin da ya yi madabod ɗin ya daɗe da rufewa, sai rumbunan da masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci suka tara a intanet. Da haruffan nan biyu na gano kamfanin, sannan na yi ta kwatanta hotuna da madabod ɗina, wurin da batir yake, yawan ramukan RAM, inda filogin wuta ya zauna. Na samu fayiloli biyu masu suna kusan iri ɗaya. Na kai wa Malam, ya ce a duba 'yar lambar bugun da ke gefen madabod da kuma sunan ƙaramar IC ta kusa da ramin filofi. Ɗaya fayil ɗin na bugu na gaba ne da aka canja wa wannan IC. Wanda ya dace da namu na ƙarshen 1998 ne, kuma a ɗan bayanin da ke tare da shi an ambaci K6-2.

Kafin a taɓa komai Malam ya dage sai an kwafi tsohuwar BIOS a wani wuri na dabam. Ya ɓare takardar da ke manne a kan IC ɗin, doguwa ce mai ƙafa 32 da ke zaune a cikin soket, mai ɗaukar 128KB. Lambar da ke ƙarƙashin takardar ce ke faɗin ko ana iya sake rubuta ta a kan madabod, da kuma ko 5V take so wajen rubutu ko 12V, domin akwai jamfa ta wannan ma. Idan ka ɓare ka ga 'yar taga ta gilashi, wannan sai an goge ta da haske na musamman, filashin, wato sake rubuta BIOS, daga filofi ba zai taɓa ta ba. Tamu mai 5V ce. Na kai ta wurin masu filashin laftof, amma 'yar na'urarsu ta IC masu ƙafa takwas ce. Wurin masu gyaran ƙwaƙwalwar mota na samu babbar na'ura mai faffaɗan soket, aka karanta mini ita aka zuba a filashina a kan dubu biyu, bayan na yi zaman jira kusan rabin yini ana gama da wata mota. A wurin jiran ne na gane da na so, da a nan ma za a rubuta mini sabon fayil ɗin kai tsaye, ba sai na bi ta filofi ba. Wanda duk yake da irin wannan na'ura a kusa, hanyar da ta fi sauƙi da aminci kenan. Ni ban zo da fayil ɗin ba a ranar, kuma mai na'urar zai yi tafiya, sai na bi tsohuwar hanya.

Tsohuwar hanya tana buƙatar kwamfutar ta tashi, kuma a nan Pentium 133 ya yi ranarsa. Muka cire K6-2, muka mayar da jamfar wuta 3.3V, muka sa Pentium, kwamfuta ta yi ƙara ɗaya gajera ta tashi. Wahalar ta koma kan filofi. Na'urar filofin Baffa ƙurar hunturu ta shekaru ta cika ta, sai da aka wanke kanta da auduga da sifirit. Na sayi wata mai USB a kan dubu tara don rubutawa daga laftof, faifan kuwa a wani tsohon shagon buga takardu na samu kwali guda, rabinsu sun lalace. Faifan dole ya zama mai tayar da DOS, tsohuwar manhajar da ta riga Windows, tsurarsa, ba tare da wata manhajar sarrafa RAM da ke shiga tare da shi ba, sai manhajar AWDFLASH da fayil ɗin BIOS. Muka jona kwamfutar a inbatan Malam mai cikakken batir, domin idan wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu madabod ɗin na iya ƙin ƙara tashi. Manhajar ta tambayi sunan fayil, ta tambaya ko a ajiye tsohuwa, muka ce e duk da muna da kwafi. Wani layi ya fara tafiya a ƙasa. Bai kai minti ɗaya ba, amma ban iya zama ba. Malam kuwa labari yake ba ni na ranar 26 ga Afrilun 1999, lokacin da ƙwayar cutar kwamfuta ta CIH ta goge BIOS a kan madabod irin wannan a ƙasashe da dama, da yadda masu gyara kan tayar da lafiyayyen madabod, su zare IC ɗinsa yana kunne, su cusa matacciya su rubuta mata. Ya ce kada in gwada sai babu wata hanya.

Da aka gama muka kashe, muka share saitin da jamfar da ke kusa da batir, muka sa sabon batir CR2032, muka kunna. Kwanan watan da ke ƙasan sikirin ya koma 1998. Na so a sa K6-2 a cikakken gudunsa nan take, Malam ya hana. Windows 95 tana da wata sananniyar matsala da K6-2 daga 350MHz zuwa sama, wani lissafin lokaci da take yi wajen tashi yakan kuɓuce mata idan furosesa ya yi sauri haka, ta tsaya da saƙon kuskure. Akwai ɗan gyaran da aka fitar mata mai suna AMDK6UPD, na bugun Windows 95 da ake kira OSR2 da waɗanda suka biyo shi, amma sai Windows ta tashi ake iya sa shi. Dabarar ita ce a fara da ƙaramin gudu. Madabod ɗin yana tafiya a 66MHz, furosesa kuma yana ninka wannan. Jamfar ninki a namu zaɓi huɗu kawai gare ta, 1.5 da 2 da 2.5 da 3, amma K6-2 yana karanta 1.5 a matsayin 3.5, na baya-bayan nan cikinsu kuma suna karanta 2 a matsayin 6. Ana gane su da lambar 26351 da aka buga a kusurwar jikinsu, kuma namu yana da ita. Sai muka cire Pentium, muka mayar da wuta 2.2V, muka sa K6-2 da jamfa a kan 1.5, ya tashi a 233MHz, aka sa gyaran, aka kashe, aka mayar da jamfa kan 2. Sikirin ya rubuta AMD-K6-2 da 400MHz. Saitin da ya ba Pentium 133 shi ne ya ba wannan 400, wutar kaɗai aka canja.

Sunan da ke fitowa a sikirin ba shi ne muhimmin amfanin sabuwar BIOS ba, ko da yake shi mutane ke kallo. K6 yana da wata dabara ta rubuta wa RAM ta cikin ƙaramar ma'ajiyarsa mai sauri da ake kira cache, wadda ke ƙara masa sauri, kuma a kashe take zuwa sai BIOS ta kunna. AMD ta canja yadda ake kunna ta a K6-2 na baya-bayan nan, don haka BIOS da ba ta san su ba tana iya tayar da su lafiya amma ta bar su suna tafiya ƙasa da ƙarfinsu. Game da RAM na tsaya a 64MB, domin 430TX ba ya iya amfani da cache ɗin madabod ga abin da ya wuce haka, ƙari na iya jawo tafiyar hawainiya maimakon sauri.

Faifan ajiyar Baffa ya fara ƙara-ƙara, na sayi wani na hannu mai 40GB a kan dubu biyar, mafi ƙanƙanta da na samu mai faffaɗar waya irin ta IDE. Da na jona, kwamfuta ta sake tsayawa, wannan karon a wurin gano faifai. BIOS na wancan zamani suna da katangu da aka yi ta cin karo da su ɗaya bayan ɗaya, 528MB, sai 8.4GB, sai wajen 32GB, daga baya 137GB. Tamu ta tsallake biyun farko ta tsaya a ta uku. A bayan faifan akwai jamfa da ke sa shi ya ce girmansa 32GB ne kawai, zanen yadda ake sa ta na kan takardar da ke jikinsa. Na sa, ya wuce, na kwashe kayan Baffa zuwa ciki.

Mataki na ƙarshe a shagon Baffa aka yi shi, kuma nan ne na ga fuskarsa ta canja. Komai ya tashi, manhajar ta buɗe, amma injin ko motsi. Ya ce, "To, yanzu kuma me ya rage?" Na ce, "Baffa, ku ɗan ba ni lokaci, katin ne ba a ba shi layinsa ba." Tsofaffin katunan ISA ba sa gabatar da kansu ga BIOS, da jamfa ake zaɓa musu layin da za su riƙa kiran furosesa, wato IRQ. Na Baffa a kan 5 yake, sabuwar BIOS kuma da ba ta san yana nan ba ta ba wani katin wannan lamba. A shafin saiti na PNP/PCI na mayar da rabon layuka na hannu, na keɓe 5 ga Legacy ISA, na ajiye na sake kunnawa. Kan injin ya zabura ya koma kusurwarsa kamar yadda ya saba. Zanen da a da ake tafiya a bar shi yanzu yana gamawa kafin Baffa ya gama ɗaure robar.

Idan zan jera wa wani tsarin, zan ce ya fara da karanta abin da aka rubuta a bayan furosesa ya kwatanta da jadawalin wuta na madabod tun yana gaban mai sayarwa, domin wannan kuskure ne da ke ƙona kaya. Ya riƙe tsohon furosesan da madabod ya sani, ko ya sayi ɗaya tare da shi komai rashin saurinsa. Ya ɗauki hoton layin ƙasan sikirin da na kowane shafin saiti da na matsayin kowace jamfa kafin ya motsa ta. Ya nemi mai na'urar karanta IC mai ƙafa 32 tun da wuri, ya je masa da fayil ɗin a hannu. A ganina kuma, idan injinka yana aiki yadda kake so da tsohon furosesa, babu dalilin yin filashin, domin sabuwar BIOS ba ta ƙara wa Pentium 133 komai. Mu mun yi ne saboda muna son K6-2.

Kuɗin kaya da na aiki sun tashi naira dubu ashirin da 'yan kai, ban da na mota da abin da Baffa ya aika wa Malam na godiya, kuma farashin gwangwan yana bin farashin kilo ne, ba lallai ka same shi haka ba. Fayil ɗin tsohuwar BIOS da na sabuwa, da hotunan jamfa, na buga su na sa a leda na manna a cikin murfin akwatin, na kuma bar wa mai gwangwan lambar wayata ko wani madabod mai Socket 7 da ramin ISA zai faɗo masa, domin na ajiya muke nema yanzu.